Ciwo a Baya, Magani a Ka: Sharhi a Kan Ƙwayoyin Jijiya da Hankalin Mai Shan Su

Akwai wani dattijo tela da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwarmu, a nan cikin garin Bauchi, wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana duƙe a kan keken ɗinki a gefen kasuwar Wunti, har bayansa ya gaji, ya kama shi da irin ciwon nan da ba ya kwantar da mutum, ba ya kuma barinsa ya sake. Ya yi ƙaho wurin wanzami, ya sha jiƙe-jiƙen basir, tun da yake a wurinmu duk ciwon da ya sauka ƙasa da haƙarƙari basir ake fara tuhuma, ya shafa man zafi har fatar ta gaji, daga bisani wani ya kwatanta masa wani kafso, wai maganin jijiya ne, ya saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Makon farko ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba, ya yi ta sa albarka. Bayan wata uku, wata rana mun idar da La'asar, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, bayan nan dai yana nan yadda ka san shi, amma kaina ne ya zama kamar ba nawa ba. In na tayar da nafila sai in rasa raka'a nawa na yi, in na auna mutum sai awon ya ɓace mini kafin in ɗauki almakashi, ga shi kuwa ka sani tun tasowata ban taɓa rubuta awo ba." Na ce, "Baba, kawo mini kwalin in gani." Da ya kawo, sai na ga an rubuta pregabalin.

Wannan magana ta dattijon ita ta sa na shiga bin diddigin mas'alar, domin na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya zaga kasuwar Muda Lawal da hantsi ya ga 'yan dako suna sauke buhunan masara, ko ya dubi masu Keke Napep da ke yini a zaune suna shan gargadar hanya, ko ya tuna iyayenmu mata da suka tsufa tsakanin turmi da goyo, da manoman da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a sunkuye bisa fartanya, ya san ciwon baya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A sauran duniya ma haka al'amarin yake, don lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya take kafa hujja da shi ya nuna mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, ana kuma tsammanin su kai miliyan 843 a 2050. Baƙin dai su ne ƙwayoyin da suka shigo mana, wato gabapentin da ƙanensa pregabalin, waɗanda aka fi sani da Neurontin da Lyrica, sai amitriptyline da duloxetine, sai kuma tiramadol wanda ba ya bukatar gabatarwa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da yake zuwa baya ya gyara ƙashi ko nama. Dukkansu laka da ƙwaƙwalwa suke nufa, kuma a can suke karɓar ladan aikinsu, ko sun yi aikin ko ba su yi ba.

Harshenmu da kansa ya taimaka wajen rikita al'amarin, saboda kalmar jijiya a Hausa ta tattara abubuwa uku mabambanta: hanyar da jini yake bi, da igiyar da ta ɗaure nama ga ƙashi, da kuma farin zaren nan mai kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. In mutum ya ɗauki kaya ya ji bayansa ya riƙe, ya ce jijiya ce ta harɗe, ɗan kemis kuma ya miƙo masa maganin jijiya, to, kowannensu ya yi gaskiya a lafazi, alhali kuwa jijiyar da mai ciwo yake nufi daban, wadda aka yi maganin dominta daban. Ciwon zaren saƙo yana da alamominsa, su ne zafi kamar an ɗora garwashi, da tsira kamar ta allura, da fizga kamar ta lantarki, da sagewa, kuma in a baya ya samo asali yakan gangaro ta ɗuwawu ya bi cinya har tafin ƙafa. Malaman ɗibbu na Musulunci sun san wannan tun da daɗewa, suna kiransa irƙun nasa, Ibnu Sina da Ibnul Ƙayyim duk sun yi bahasi a kansa. To amma masana sun yi ittifaƙi cewa wajen kashi 90 cikin 100 na ciwon baya ba irin wannan ba ne, ba a ma iya nuna wani wuri guda a ce ga inda ya lalace. Hoton asibiti ma ba ya raba gardama kullum, domin wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan bayan mutanen da ba su jin ciwon komai, ya iske alamar zaizayar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara ashirin, da kashi 96 na 'yan tamanin.

Kafin a fahimci abin da ƙwaya take yi, wajibi ne a fahimci yadda zogi yake tafiya. Mutanen da, har likitocinsu, sun ɗauka zogi kamar igiyar ƙararrawa ne, in an ja ta a ƙafa sai ta kaɗa a ka, gwargwadon ja gwargwadon ƙara. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin da ya sauya wannan fahimta, suka ce a cikin laka akwai ƙofa. Mutumin Bauchi ba zai sha wahalar gane misalin ba, in ya tuna zamanin da ganuwar da aka gina tun lokacin Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, take tsaye, mai shigowa ta Ƙofar Ran ko Ƙofar Wambai ko Ƙofar Jahun sai ya bi ta hannun mai tsaron ƙofa, wanda shi kuma yana karɓar umarni daga fada, wata rana a ce ya tsaurara, wata rana a ce ya sassauta. Haka saƙon ciwo yake isowa laka ya tarar da mai tsaro, ƙwaƙwalwa kuma tana aiko da nata umarnin daga sama. Shi ya sa manomi zai sare ƙafarsa da fartanya bai ji ba sai ya tashi daga aiki, shi ya sa kuma mai baƙin ciki ko wanda bai samu barci ba yake jin ƙaramin ciwo kamar babba. A 1983 Clifford Woolf ya ƙara nuna cewa in saƙon ciwo ya yi ta bugun ƙofar nan ba ƙaƙƙautawa, sai masu tsaron su firgice, su riƙa kururuwa ko da iska ce ta kaɗa, har ciwo ya ci gaba bayan raunin da ya haife shi ya warke sarai.

A nan ne mas'alar ta fi zurfi, kuma a nan ya kamata a yi wa ƙwayoyin adalci, domin ciwon da ya wuce wata uku yana taɓa ƙwaƙwalwa ko mutum bai sha komai ba. A 2004 Vania Apkarian da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern da ke Shikago suka auna ƙwaƙwalwar mutum 26 masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka iske ɓawonta mai ruwan toka, inda tunani da hukunci suke gudana, ya gaza na masu lafiya da kashi 5 zuwa 11 cikin 100, kwatankwacin abin da tsufan shekara goma zuwa ashirin yake ci. Daga baya, a 2012 da 2013, mutanen wannan ɗakin bincike suka bi waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba har tsawon shekara, suka ga cewa a wurin waɗanda ciwon ya zauna musu, aikin ƙwaƙwalwa yana ƙaura sannu a hankali daga sashen da ke jin taɓi da zafi zuwa sassan da ke kula da tsoro da damuwa da kwaɗayi. Ma'ana, ciwon ya tashi daga zama labarin da baya yake aikowa, ya koma ɗabi'ar da ƙwaƙwalwa ta haddace. Kada wani ya fahimci wannan da cewa mai ciwo raki yake yi ko ƙarya. Zogin haƙiƙa ne, mazauninsa ne ya sauya. Akwai kuma bushara a ciki, don a 2011 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun sake auna marasa lafiya wata shida bayan an yi musu magani, suka ga sashen gaban ƙwaƙwalwa da ya sirance ya fara komawa kaurinsa a wurin waɗanda suka samu sauƙi. Saboda haka wanda ya ce a bar mai ciwo ya yi ta haƙuri kawai don gudun illar magani, shi ma bai kiyaye masa hankali ba.

Shi gabapentin tun asali ba don ciwon baya aka yi shi ba. An haɗa shi a Jamus cikin shekarun 1970, aka ba shi izini a Amurka a ƙarshen 1993 domin masu farfaɗiya, a 2002 aka ƙara masa izinin maganin raɗaɗin da ke biyo bayan wasu ƙuraje masu bin layin jijiya. Pregabalin kuwa ya fito daga hannun Richard Silverman, malamin kimiyyar haɗa sinadarai a ita dai Jami'ar Northwestern, ya samu izini a Turai da Amurka a 2004. Yadda suke aiki shi ne, zaren jijiya ba ya manne da ɗan'uwansa, akwai 'yar tazara a mahaɗarsu, kuma saƙo ba ya tsallake ta sai sinadarin kalsiyam ya shiga ta wasu ƙananan kafofi ya sa an fesa sinadarin da zai ta da na gaba. Waɗannan ƙwayoyi biyu suna maƙalewa a wani ɓangare na kafofin nan su rage yawansu da aikinsu, sai fesawar ta ragu, kururuwar ta lafa. Ga mai farfaɗiya, wanda ƙwaƙwalwarsa take tartsatsi fiye da kima, wannan rahama ce. Illar ita ce irin waɗannan kafofi ba a hanyar ciwo kaɗai suke ba. Suna nan a sashen da ke daidaita tafiya da tsayuwa, suna nan a sashen da ke ajiye sabon abin da aka ji ko aka gani, suna nan inda ake tattara hankali wuri ɗaya. Ƙwaya ba ta da idon da za ta bambance, kamar mai yayyafa ruwa ne don ya kashe wutar murhu ɗaya, ya jiƙa har da itacen maƙwabta.

Daga nan ne jiri yake fitowa, da gyangyaɗin rana, da tangaɗi, da gani biyu-biyu, da nauyin harshe, da wannan hazo da dattijon ya kwatanta, inda kalma take kan harshe amma ta ƙi fitowa. A 2009 wasu masana a Jami'ar Stanford sun gano wani abu da ya ƙara jawo hankali, cewa wurin da gabapentin yake maƙalewa shi ne wurin da ƙwaƙwalwa take amfani da shi wajen ƙulla sababbin mahaɗai, kuma a gwajin da suka yi kan dabbobi ƙwayar ta hana wannan ƙulli. Gwajin dabba ba hukunci ba ne a kan ɗan Adam, amma tun da yake koyo da hadda ba wani abu ba ne illa ƙulla mahaɗai, ya isa dalilin yin hattara. A Suwidin ma an bi bayanan mutum kusan dubu 192 da aka rubuta wa waɗannan ƙwayoyi, aka buga sakamakon a 2019, aka iske a lokutan da suke shan su haɗarin hanya da raunin jiki da yunƙurin halaka kai sun fi yawa, musamman ga matasa, musamman kuma da pregabalin. Ina tuna wannan duk lokacin da na shiga motar haya zuwa Jos ko Gombe, na ga direba yana dafe ƙugu. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu ƙwarai: ƙoda ce kaɗai take fitar da waɗannan ƙwayoyi daga jiki, mu kuwa mai ciwon baya a nan yakan yi shekaru yana haɗiyar diclofenac da ibuprofen kullum, ga hawan jini ko suga, ga zafin bazara da ƙarancin shan ruwa, duk kuwa abubuwa ne masu raunana ƙoda. In ƙoda ta yi rauni sai maganin ya taru a jini, har tsoho ya rikice, iyalinsa su ce tsufa ne ko iska.

Da a ce amfanin yana da yawa, da sai a ce kowace riba da ɗawainiyarta. To, me jarrabawa ta nuna? A Ostareliya an ɗauki mutum 209 masu irƙun nasa, wato ainihin waɗanda ake kyautata zaton maganin zai yi wa aiki, aka raba su biyu, kashi ɗaya aka ba su pregabalin har mako takwas, ɗaya kashin aka ba su kafso mai kama da shi wanda ba komai a cikinsa, ba mai shan da ya san wanne aka ba shi. Da aka buga natijar a 2017, sai ga shi zogin ƙafa ya ragu daidai wa daida a ɓangarorin biyu, a mako na takwas da kuma bayan shekara, bambancin kawai shi ne masu shan na gaskiyar sun fi yawan jiri da sauran illoli. A 2018 wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi ya yanke cewa magungunan farfaɗiya ba su da tasiri a ciwon ƙasan baya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta hana ba da su domin ciwon baya, a 2020 ta haɗa har da irƙun nasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙa'idojin da ta fitar a Disamban 2023 ba ta yarda a mai da su maganin yau da kullum ga daɗaɗɗen ciwon baya ba. Ko a inda suke da amfani tabbatacce, kamar raɗaɗin ƙafa na masu ciwon suga, lissafin da aka yi a 2015 ya nuna sai an ba mutum bakwai ko takwas kafin a samu ɗaya da zoginsa ya ragu da rabi saboda maganin. Sauƙin da dattijonmu ya ji a makon farko, a ganina, barci ne ya samu, barci kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwo, sai dai jiki yakan saba, barcin ya koma yadda yake, hazon ya zauna.

Mai karatu zai tambaya, to yaya aka yi maganin farfaɗiya ya zama maganin kowane ciwo? Amsar tana cikin tarihin kasuwanci. A 2004 kamfanin Warner-Lambert, wanda a lokacin ya riga ya shiga hannun Pfizer, ya amsa laifi a gaban shari'a a Amurka, ya biya dala miliyan 430 saboda tallata Neurontin ga cututtukan da ba a ba shi izininsu ba. Daga baya, da annobar ƙwayoyi dangin afiyun ta addabi Amurka, likitoci suka nemi mafaka, suka raja'a a kan gabapentin bisa zaton ba shi da haɗari, al'adar kuma ta bazu har ta iso kantunanmu.

Sai babbar tambaya, wadda ta fi tayar da hankalin jama'a tun bayan wani bincike da aka buga a Yulin 2025: shin waɗannan ƙwayoyi suna kawo cutar mantuwa mai ɗorewa, irin wadda take raba tsoho da sanin 'ya'yansa? Masu binciken sun duba bayanan asibitocin Amurka na mutum sama da dubu 26 masu daɗaɗɗen ciwon baya da aka rubuta wa gabapentin, suka gwada su da wasu masu yawa kamarsu waɗanda ba a rubuta wa ba. Suka iske waɗanda aka rubuta wa sau shida ko fiye, haɗarin cutar mantuwa ya ƙaru musu da kashi 29 cikin 100 a cikin shekara goma, na ƙaramin raunin tunani kuma da kashi 85, kuma ga 'yan shekara 35 zuwa 49 haɗarin mantuwar ya ninka fiye da sau biyu. Lalle wannan labari ne mai nauyi, amma malamanmu na usulu sun koya mana bambanta yaƙini da zanni, kuma sun koya mana cewa haɗuwar abu biyu ba ta tabbatar da ɗaya ne sababin ɗaya. Da farko, ƙarin kashi 29 ba ya nufin mutum 29 cikin 100 za su kamu. Misali ne kamar a ce inda bakwai za su kamu, sai tara suka kamu. Sannan wanda aka yi ta sabunta wa takardar magani galibi shi ne wanda ciwonsa ya fi tsanani, wanda ya fi rashin barci, ya fi zama wuri ɗaya, ya fi damuwa, waɗannan kuwa kowannensu yana cin ƙwaƙwalwa da kansa, kamar yadda binciken Shikago ya nuna. Binciken bai kuma tantance yawan abin da kowa ya sha ko tsawon lokacin ba. Hukuncina shi ne, hazon da mutum yake ji yayin da yake kan maganin yaƙini ne, kuma galibi yana washewa in an janye shi. Mantuwa mai ɗorewa kuwa zanni ce mai ƙarfi wadda ba ta kai hujja yankakkiya ba. Sai dai zanni ma ana gina hukunci a kansa in abin da ake tsoro babba ne, amfanin da ake nema kuma ƙarami.

Amitriptyline da duloxetine ta wata hanya suke bi. Asalinsu magungunan ciwon damuwa ne, aikinsu kuma shi ne ƙarfafa umarnin nan da ke saukowa daga fada zuwa ƙofa, ta hanyar yawaita wasu sinadarai biyu a mahaɗar jijiyoyi. Duloxetine ya samu izinin maganin daɗaɗɗen ciwon baya a Amurka a 2010, kuma yana rage zogi kaɗan ga wasu, tare da tashin zuciya da wahalar rabuwa da shi. Amitriptyline tsoho ne, tun farkon shekarun 1960, ga araha, shi ya sa ya yawaita a wurinmu. Amma yana toshe wani sinadari wanda hadda take dogara da shi, wanda shi ne magungunan cutar mantuwa suke ƙoƙarin ƙarawa. Ga matashi, ƙaramin awo da dare ba kasafai yake wuce bushewar baki da nauyin jiki da safe ba. Ga tsoho kuwa yana iya kawo rikicewa, da faɗuwa, da riƙewar fitsari.

Tiramadol shi ne wanda ya haɗa hanyoyi biyu, yana aikin afiyun yana kuma aikin waɗancan, shi ya sa yake kama mutum, shi ya sa kuma yawansa yake jefa mai lafiya cikin farfaɗiya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Da aka matsa wa waɗannan, pregabalin ya shiga sahun abin da matasa suke nema don maye, har jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA suna kama shi tare da sauran. Ingila ta sa shi da gabapentin cikin magungunan da doka ta tsare tun Afrilun 2019, a Disamban 2019 ɗin kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa haɗa su da dangin afiyun, ko ba da su ga tsofaffi da masu ciwon huhu, yana iya danne numfashi. Wanda ya haɗa tiramadol da pregabalin ya kwanta, ya danne cibiyar numfashinsa ta fuska biyu, kuma akwai waɗanda ba su farka ba.

Malamai irin su Imam Gazali da Shaɗibi sun lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya, sun kuma kafa ƙa'ida cewa larura ana auna ta da gwargwadonta. Ban ga ma'aunin da ya fi wannan dacewa da mas'alarmu ba. Mai farfaɗiya, da mai suga wanda tafin ƙafarsa yake ci da wuta har ya hana shi runtsawa, da wanda lakarsa ta samu rauni, larurarsu a fili take, su riƙe maganinsu bisa kulawar likita, kada wannan rubutu ya firgita su. Wanda likita ya duba ya ga alamar jijiyar saƙo ce ta matsu, ya ce a gwada na 'yan makonni, wannan ma yana da fuska, muddin an sa ranar da za a zauna a tambaya ko ya yi amfani, in bai yi ba a janye. Abin da ban ga fuskarsa ba shi ne tela ko ɗan dako ko malamin makaranta ya shekara yana biyan kuɗi yana sayen hazo, bayan kuma yana nan jiya i yau.

Abin da ya fi tabbata a jarrabawa, duk da ba shi da kwarjinin kafso, shi ne motsi: tafiya a ƙasa kullum, da atisayen da masu gashin ƙashi suke koyarwa, da tausa, da gyara barci, da cire tsoron nan da ke sa mutum ya ɗauka in ya sunkuya bayansa zai karye, domin ƙwaƙwalwar da ta haddace ciwo tana iya koyon sakinsa, amma ba ta koyo a kwance. Wannan fa bayan an tabbatar ba wata cuta ce take ɓoye ba, don a ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma ƙwayar da ta lulluɓe zogi tana iya jinkirta gano shi har ƙusumbi ya fito ko ƙafafu su mutu. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko raunin ƙafa, ko sagewa tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace masa ko suka riƙe, to, ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wani babban asibiti a ranar, in abin ya kai a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a tura shi.

Dattijon dai mun raka shi wurin likita, aka auna ƙodarsa, aka riƙa rage masa ƙwayar kaɗan-kaɗan cikin makonni, aka haɗa shi da masu gashin ƙashi. Bayan bai rabu da shi ba, yana dai tashi daga kan keke duk bayan rabin sa'a ya miƙe ya taka, amma awo ya dawo masa, nafilarsa ta daidaita. Ina roƙon wanda yake kan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi kada ya yanke ta dare ɗaya saboda abin da ya karanta a nan, domin ƙwaƙwalwar da aka daɗe ana dannewa in aka sake ta farat ɗaya takan yi tsalle, ta kawo rashin barci da gumi da firgita, wani lokaci har da farfaɗiya. Ya ɗauki kwalin, da duk sauran abin da yake sha har na gargajiya, ya kai wa likita, ya faɗa masa tun yaushe ya fara da abin da ya lura a kansa. In kuwa mahaifinka ne ko mahaifiyarka ka ga sun fara rikicewa ba da daɗewa ba, kafin ka ce tsufa ne, ka buɗe ledar magungunansu ka karanta abin da aka rubuta a jiki.